Buta Biyu Kowace Safiya

Asabar, bayan la'asar

Ranar da komai ya juya, ina zaune a bakin ƙofar ɗakina ina tsince wake, waya a kan cinyata, ina karanta wani labari inda jarumar take jiran mijinta ya dawo daga tafiya. Har tsaki na yi mata, na ce ke dai kin cika kuka. Sai na jiyo salatin Inna, surukata, daga sashenta.

Da safiyar ranar Awaisu ya fita kamar kullum. Mijina direba ne, Funtua zuwa Malumfashi, a tsohuwar motarsa mai canza giya da kanta. Duk gidan nan Hajjo muke ce mata, sunan kakarsu, domin ita ma sai ta yi nishi kafin ta miƙe. Ranar ba fasinja ya ɗauka ba, buhunan masara ne. Ɗanasabe ƙanensa ya ce zai raka shi. Ya leƙo ɗakina ya ɗaga ƙafa yana nuna mini sabon takalminsa.

"Matata, duba nan. Ko attajirin nan na cikin littafinki yana da irinsa?"

Na ce masa na cikin littafina ba ya zama kusa da buhu. Ya fita yana dariya.

Awaisu ya dawo ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ɗanasabe yana asibiti har yau. Hajjo kuwa jawo ta aka yi daga gangaren titi, gaba da Bakori, ɓangaren mai zaman gaba a lotse.

Sau ɗaya Awaisu ya yi bayani, a tsaye a tsakar gida. Ya ce ya fita zai wuce motar auduga, ya taka totur, inji ya yi ta ihu amma motar ta ƙi ja, kamar an zare ta daga giya. Ga wata mota tana tahowa. Sai giyar ta faɗa da ƙarfi, motar ta fizge, ya kauce. Daga nan bai sake magana a kai ba.

Ni na yarda da shi. Na ɗauki biro ne don in samu inda zan faɗi haka, tunda ba mai tambayata.

Litinin, da hantsi

Malam Shitu bakanike ya dawo da Hajjo. Tagar ɗakina tana kusa da zaure, ba laɓe na yi ba, magana ce ta same ni.

Ya ce wa Yaya Sada, babban wansu, ya sa wata ƙofar, yaransa sun juye tsohon man giya sun zuba sabo, shi da kansa ya zaga da ita daga gareji zuwa tasha ya dawo. "Alhaji, giya tana shiga kamar ana zuba man shanu a tuwo. Ban ji komai ba."

Yaya Sada ya ce wa Awaisu, "To ka ji da kunnenka. Mota lafiya lau. Ka faɗi gaskiya mana, barci ne ya ɗauke ka ko waya kake latsawa? Ba wanda zai kashe ka. Amma kada ka ɗora wa ƙarfe."

Na jira in ji muryar Awaisu. Can na ji takunsa ya wuce ta bayan ɗaki.

A littattafai, a irin wannan wurin jarumi yakan miƙe, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya faɗi maganar da za ta rufe bakin kowa. Nawa ya shigo ya kwanta ya juya wa ƙofa baya.

Talata, bayan azahar

Na yi wa Awaisu miyar kuɓewa ɗanya, wadda ya fi so. Tana nan a rufe.

Alhamis, da yamma

Kowa ya je asibiti sai shi. Inna ta daina ce masa ya zo su tafi.

Yau da ta dawo ta kira ni. Ta ce, "'Yar nan, duba cikin kayan da aka kwaso daga mota, ki kawo mini takalmin yaron." Na nemo, na goge su da tsumma, na kai mata. Ta daɗe tana kallonsu. Ta ɗauki na hagu. Ta ce ɗayan in ajiye shi inda ba zai gani ba idan ya dawo gida.

Na sa shi a ƙarƙashin akwatin littattafaina.

Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Juma'a, bayan an sauko

Zaituna, matar Yaya Sada, ta shigo da labari biyu, tana tauna rake.

Na farko, za a sayar da Hajjo. Wani mutumin Maska zai zo ya ɗauka mako mai zuwa. Yaya Sada ya ce ba ya son Inna ta riƙa buɗe ido tana ganinta.

Na biyu, ni. An yanke a kai ni gida Malumfashi goyon ciki, tun yanzu, ko da yake da sauran lokaci. Wai zaman gidan nan a wannan hali ba zai yi wa mai irin jikina kyau ba.

"Ke kin huta," in ji Zaituna. "Ki je Umma ta yi ta dafa miki kaza, ki yi ta karanta ƙaryarki."

Na yi murmushi. Amma ga abin da na gani. In Hajjo ta tafi Maska, maganar Yaya Sada ce za ta zauna har abada: Awaisu ya yi barci da ƙanensa a gefensa. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, shi kansa ya fara yarda. Jiya na ji yana cewa a hankali, ba da ni ba, "Ko dai idona ya rufe ban sani ba?"

Idonsa bai rufe ba. Na san mijina. Ko a gado sai ya yi ta juyi kafin barci ya zo.

Lahadi, da safe

Ina share wurin da Hajjo ke kwana wani abu ya faɗo mini.

Tun da aka kawo ni gidan nan, ni nake cika buta a randa in miƙa wa Awaisu ya zuba a lagireto, tankin ruwan inji, kafin ya tayar da mota. Da can rabin buta kan isa, wani lokaci ma ya ce bar shi. Daga tsakiyar damina ta koma buta guda. Kafin abin ya faru, buta biyu nake kai masa kowace safiya. Har Ɗanasabe yana cewa Hajjo ta fara ramuwar azumi.

To ni nake share wurin nan kullum. Ban taɓa ganin ƙasar a jiƙe ba. Tukunya in tana yoyo, ƙarƙashinta kan nuna. Ruwa buta biyu ya shiga ciki, bai zuba a ƙasa ba. Ya tafi wani wuri ke nan.

Ga kuma na biyu. Duk sanda Awaisu zai kai ni gida, karatu nake yi a waya tun daga ƙofar gida. Daga Funtua zuwa Bakori ba na ɗaga kai. Amma in ya tsaya a Bakori ya kashe mota ya sauke fasinja, muka tashi, sai ta riƙa yin wata 'yar zabura idan za ta canza giya, yatsana ya goce, shafi ya tsallake. Sau nawa na rasa inda nake, ana tsakiyar rikici! Ban taɓa rasa layi kafin Bakori ba. Kullum sai bayanta.

Malam Shitu kuwa daga gareji zuwa tasha ya je, da sanyin safiya.

Na shiga ɗaki da tsintsiya a hannu na faɗa wa Awaisu duka. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Raudatu, don Allah ki bar maganar nan."

Ban bari ba.

Litinin, da la'asar

Malam Shitu ya zo kawo makulli na biyu, babu namiji a gida. Na sa hijabi na tsaya daga bayan labulen zaure muka gaisa.

Na ce, "Malam, tambaya gare ni, in ba za ka yi mini dariya ba."

"Amarya, ai mu dariya ba ta cikin kayan aikinmu. Bismilla."

Na faɗa masa maganar buta, na faɗa masa maganar Bakori. Ya yi dariyar dai, amma gajera. Ya ce tsohuwar mota dama da shan ruwa, zafi ke shanye shi. Ya tambaye ni, "Buta biyu? Ƙasa a bushe?" Na ce a bushe. Ya tambaya ko tana fitar da farin hayaƙi ta baya, na ce ni nake rufe ƙofa bayan ta fita, ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Gaskiya ni da sanyinta na gwada ta, ba kaya a kanta, ga sabon mai a cikinta. Kuma tsohon man ban gan shi da idona ba, yara sun juye shi a duro. Tsohuwar mota kamar tsohon mutum ce, da safe kowa lafiya lau yake. In ana son jin ciwonta, a yi mata lodi, a yi nisa da ita, ta yi zafi."

"To a yi mana, Malam."

"Na faɗa wa Alhaji Sada. Ya ce kada a wahalar da ita kafin mai saye ya zo. Ni kuma ba motata ba ce."

Ya tafi. Na koma ɗaki na ɗauki waya zan yi karatu, na kasa. Jarumar tana ta kuka a kan kujerar alfarma, ni kuma ina lissafin abin da zai sa Hajjo ta yi nisa da kaya a kanta. Sai na tuna cewa ni ce kayan.

Talata, da hantsi

Na je na durƙusa a gaban Inna. Yaya Sada yana nan yana shan koko, abin da nake so ke nan, domin ban isa in tare shi da magana ba.

Na ce, "Inna, na ji an ce zan tafi gida. Na gode. Alfarma ɗaya nake roƙo. Hajjo ce ta kawo ni gidan nan amarya. Tunda za ta bar gidan, ina so ita ta mayar da ni."

Yaya Sada ya ajiye ludayi. Ya ce a samu motar tasha.

Inna ta ce, "Motar tasha za ta ɗauki itacen wankan jegonta? Ga buhun masara, ga gero na kunu. Ko so kake a ce mun aika 'yar mutane hannu rabbana? Ai kai ka ce motar lafiyarta lau."

"Lafiyarta lau mana."

"To kai za ka tuƙa. Zaituna ta raka ta. A tafi da Shitu, ko taya ta yi faci."

Ban ce a tafi da Malam Shitu ba. Inna ce ta faɗa da kanta, ba ta kuma dube ni ba da ta faɗa. Ban san abin da ta sani ba.

Talata, bayan la'asar

Awaisu ya ji. Ya shigo ya tsaya a kaina, karo na farko da na ji muryarsa ta tashi tun ranar.

"Ba za ki shiga motar nan ba."

"Don me, Direba? An ce lafiyarta lau."

"Raudatu, kada ki yi mini wasa. Motar nan za ta sake ku a tsakiyar titi."

"To ashe ba barci ka yi ba."

Ya tsaya yana kallona. Na ce ya je ya faɗa wa Yaya Sada abin da ya faɗa mini yanzu. Ya ce ya faɗa sau ɗaya, an ce ƙarya yake. Na ce to bari motar ta faɗa da bakinta. Na yi masa alkawari a bayan direba zan zauna, ba za a wuce ko keke ba, kuma Malam Shitu na gaba.

Ya zauna a bakin gado ya riƙe kansa. Ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce."

Na sani. Yana ta motsi tun azahar.

Ba na jin tsoro.

Laraba, da safe

Ba na jin tsoro. Na ninke kaya, na warware, na sake ninkewa.

Alhamis, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

An yi wa Hajjo lodi har ta durƙusa. Itace a baya da sama, buhu biyu, jakata, akwatin littattafaina. Awaisu bai fito ba, amma na ga labulen tagarmu ya motsa. Malam Shitu ya cika lagireto da kansa kafin mu tashi.

Daga Funtua zuwa Bakori, shiru. Giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya ko jaririn da ke barci ba zai farka ba. Yaya Sada ya fara waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi. Ya ce, "Shitu, ka ji motar da aka ce ta ƙi ja?" Zuciyata ta fara sanyi. Na ce ko dai littattafan ne suka lalata mini kai, kamar yadda Zaituna ke faɗa?

Da muka shiga Bakori na taɓa Zaituna na raɗa mata ina son awara. Ta ce, "Alhaji, mai abu tana kwaɗayi, a tsaya." Ya yi tsaki ya tsaya ya kashe mota. Na sa Zaituna ta jira a soya sabuwa. Rana ta take, murfin inji har wani rawa yake yi don zafi.

Muka tashi. Ba mu yi nisa ba na ji 'yar zaburar nan da na sani. Malam Shitu ma ya ji, ya juyo da kunnensa. Muka iso wani hawa, titi fayau ba kowa gaba ba kowa baya. Ya ce, "Alhaji, taka ta nan. Kamar za ka wuce wani."

Yaya Sada ya taka.

Inji ya kwarma ihu. Motar ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, sai ma ta fara sanyi, kamar mafarkin nan da mutum ke gudu ƙafarsa ba ta ɗaguwa. Yana takawa, tana ihu. Sai kuma gam! Giyar ta faɗa, motar ta yi tsalle, itacen sama ya zame, awara ta watse a cinyar Zaituna, tana ta salati. Sitiyari ya kusa ƙwacewa.

Ya gangara gefe ya tsaya.

Malam Shitu ya ɗaga murfin inji, ya zaro sandar duba man giya, ya kawo ta har taga. Man da aka zuba ja ne garau. Wannan kuwa ya koma kamar kunun gyaɗa da aka ɗiga wa zoɓo, har da kumfa. Ya jira mota ta huce, ya buɗe lagireto da tsumma, ya lakato wani maiƙo a yatsa.

Ya ce, "Alhaji, ka ga, a cikin lagireton nan akwai wani bututu da man giya ke bi ya sha iska. Ruwan rijiya ya ci shi da tsatsa ya huda. Ruwa na shiga giya, mai na shiga ruwa. Da sanyi ba ka jin komai. In ta yi zafi, giya ta riƙa santsi, ta saki, sannan ta kama da ƙarfi." Ya leƙo ta baya. "Amarya, ga inda butarki biyu ke zuwa."

Yaya Sada ya sauka ya tsuguna a bakin gonar dawa. Ya daɗe. Na ji ya ce, "Innalillahi. A gaban mutane na ce da yaron nan barci ya yi."

Da ya taso ya ce wa Zaituna bari a tsayar da bas ta ƙarasa da mu Malumfashi, shi da Shitu su ji da mota. Ban bi ta bakin Zaituna ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, a mayar da ni Funtua." Tun da aka kawo ni ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Ya dube ni, ya ce to.

Juma'a, da hantsi

Na ɗauka zai zama kamar ƙarshen littafi. Ina bas jiya har na tsara: Yaya Sada ya nemi gafara, Awaisu ya yi hamdala, Inna ta sa a yanka zakara.

Yaya Sada ya nemi gafarar, a gaban Inna, har muryarsa ta karye. Ya ce ya kira mutumin Maska ya gaya masa ba a sayarwa. Awaisu ya saurari bayanin bututun duka. Sai ya ce, "To ai ni nake zuba ruwan. Kuma tun damina nake jin tana zabura. Na ce bari kaka ta wuce in kai ta."

Yaya Sada ya ce, "Duk tashar nan wa ke zuba wani ruwa ban da na rijiya? Wa ya koya maka? Ba ni ba? In laifin ruwa ne, mu raba."

Awaisu ya miƙe ya koma ɗaki. Amma da na kai masa tuwo ya ci rabi. Ya ce gishiri ya yi yawa. Ban taɓa jin daɗin an kushe girkina ba sai yau.

Lahadi, bayan azahar

Awaisu ya ce in raka shi asibiti. Muka hau adaidaita. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, ya ce in fara shiga.

Ɗanasabe ya rame. An rufe shi da zane daga ƙugu, wajen ƙafar dama zanen ya kwanta a kan katifa. Yana ganina ya ce, "A'a, ga bakaniken gidanmu! Matata, an ce kin kusa kashe Yaya Sada da awara." Muka yi dariya, har ya yi tari. Sai ya dubi ƙofa. "Yana waje ko?"

Na ce yana waje.

"Ki ce masa ni ma ina cikin motar. Na ji sanda ta saki. Da wani ya tambaye ni da na faɗa, amma kowa ya zo sai ya ce in yi shiru in huta."

Na fita na faɗa masa. Ya jingina da bango, ya rufe fuska da hularsa. Ya ce, "Gobe."

Muka dawo gida bai shiga ba.

Litinin, da yamma

Yau ma har ƙofar. Amma ya leƙa, sun haɗa ido, Ɗanasabe ya ɗaga masa hannu. Ya ce gobe. Ya ce in zan iya, in sake raka shi.

Talata, da safe

Umma ta kira daga Malumfashi, ranta a ɓace. Ta gyara ɗaki, ta sayi sabuwar tukunyar wanka, 'yan'uwa suna ta tambaya. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka yi na fari a gidan miji ba, sai ka ce marar gata. Ta ce Baba zai aiko da mota ranar Alhamis.

Na ba ta haƙuri. Na ce in lokaci ya yi ita ta zo, da tukunyarta, Inna ta ce ɗakinta ya ishe su su biyu. Ta ce littattafan nan sun ɓata ni. Ta kashe waya. Za ta huce, na san Umma.

Malam Shitu ya aiko cewa sai an sauke giyar gaba ɗaya, da lagireton. Zai ɗauki lokaci. An kawo itacen a kura, na sa an jera shi a bayan ɗakina.

Awaisu yana tsakar gida yana neman hularsa. Ya ce in yi sauri kafin a hana shiga asibiti.

Na kwance jakata. A Funtua zan haihu.